Awo ko Kintace? Na'urar Auna Kitse da Buƙatun Kanya Babba

Duk wanda ya san cinikin hatsi a kasuwannin Babura da Kazaure ya san cewa nauyin buhu ba ya isar mai saye hujja. Buhu biyu na gero za su iya zuwa daidai a kan sikeli, amma ɗaya tsaba ce zalla, ɗayan kuwa ya sha ƙaiƙayi da tsakuwa da danshi. Shi ya sa ɗan kasuwa yake cusa hannu har gwiwa ya ɗebo daga ƙasa, ya murza, ya shinshina, kafin ya yi tayi. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Mutum biyu masu kilo 70 kowannensu za su iya bambanta matuƙa: ɗaya manomi ne da tsoka ta cika masa kafaɗu, ɗayan ma'aikacin ofis ne da kitse ya taru masa a ciki, ko kuma mai ciwon ƙoda ne da ruwa ya kumbura masa ƙafafu.

Wata na'ura da ta fara yaɗuwa a wuraren motsa jiki da manyan kantunan magani da asibitoci masu zaman kansu na birane tana alkawarin warware wannan matsala. Mutum ya cire takalmi, ya taka faranti masu ƙyalli, wani lokaci ya riƙe wasu ƙarafa biyu a hannu, kafin minti ɗaya sai allo ya nuna masa kitse kashi kaza, tsoka kilo kaza, ruwa lita kaza, har da wai shekarun jikinsa. Masana suna taƙaita sunan wannan dabara da haruffan BIA, ma'ana nazarin tirjiyar da jiki ke yi wa wutar lantarki. Tun 2021 ma kamfanin Samsung ya sanya ta cikin agogon hannu. Abin da ya shiga Kano yau, gobe yana Kazaure, jibi yana Kanya Babba a cikin jakar mai tallar magani.

Tambayar da na'urar ke yi, wato me ya haɗu ya ba da wannan nauyi, tambaya ce mai kyau wadda ta daɗe tana damun likitoci. Amsar da take bayarwa kuwa kintace ne da aka sa wa rigar awo, kuma kintacen ya fi rauni a kan irin jikin mutanen arewa maso yammacin Jigawa da irin yanayinsu. Saboda haka bai kamata ta sha gaban kayan awo masu araha a ƙananan asibitoci ba, bai kuma kamata a bar 'yan talla su mayar da ita likita ba. Tana da gurbinta, amma gurbin ya fi ƙanƙanta bisa ga yadda ake tallata ta.

Abin da na'urar ke ji da gaske

Ruwan da aka jiƙa wa gishiri ko kanwa yana ɗaukar wutar lantarki cikin sauƙi. Man gyaɗa da man shanu ba sa ɗauka. A kan wannan bambanci aka gina dabarar gaba ɗaya. Tsoka da jini da gaɓoɓin ciki cike suke da ruwa mai gishiri, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne. Idan aka tura wata 'yar wuta mai rauni, wadda ba ta kai miliamfa ɗaya ba kuma mutum ba ya ko jin ta, daga ƙafa zuwa hannu, za ta bi hanyar ruwa ta kauce wa kitse. Jikin da ruwa ya yi yawa a cikinsa zai bar ta ta wuce da sauƙi, wanda ruwa ya yi ƙaranci kuma zai tirje mata.

Wannan tirjiya ita kaɗai na'urar ke aunawa. Duk sauran lambobin da ke fitowa a allo lissafi ne. Tun 1962 wani likita Bafaranshe mai suna Thomasset ya nuna cewa akwai alaƙa tsakanin tirjiyar da yawan ruwan jiki. A 1969 Hoffer da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar da cewa idan aka ninka tsayin mutum da kansa, aka raba da tirjiyar, abin da ya fito yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan ruwan. A 1985 Henry Lukaski da abokan aikinsa suka gwada dabarar wajen ƙiyasta nauyin jiki ban da kitse, daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin Tanita na Japan ya fitar da sikelin da ake takawa a farkon shekarun 1990, kamfanin da ake kira InBody a yau kuma aka kafa shi a Koriya ta Kudu a 1996.

Matakan lissafin uku ne, kowanne yana tsaye a kan zato. Na farko, daga tirjiya da tsayi da nauyi da shekaru da jinsi a ƙiyasta ruwan jiki. Na biyu, a ɗauka cewa ruwa shi ne kusan kashi 73 cikin 100 na duk abin da ba kitse ba a jiki, adadin da ya samo asali daga binciken Pace da Rathbun na 1945 a kan dabbobi. Na uku, a cire abin da aka samu daga nauyin mutum, abin da ya rage a kira shi kitse. Ashe ke nan na'urar auna kitse ba ta taɓa auna kitse ba, ragowar lissafi take ba wannan suna.

Ga misali da lambobi. A ce mutum yana da kilo 70, na'ura ta ƙiyasta ruwansa lita 40. Idan aka raba 40 da 0.73 za a samu kilo 54.8, saura kilo 15.2 na kitse, wato kusan kashi 22 cikin 100. Da na'urar ta yi kuskuren lita biyu kacal ta ce 38, kitsen zai koma kilo 17.9, kusan kashi 26 cikin 100. Mutumin bai ci komai ba, bai motsa daga inda yake ba, amma ya tashi daga rukunin da wasu jadawalai ke kira daidai ya faɗa rukunin da suke kira ƙiba. Allon kuwa zai rubuta lambar har da ɗigo da ɓurɓushinta, kamar an auna zinariya.

Jikin wa aka yi lissafin da shi?

Kowace irin wannan na'ura tana ɗauke da ƙa'idar lissafi a cikinta. Yadda ake samar da ƙa'idar shi ne a tara wasu mutane, a auna su da hanya mai tsada wadda aka fi amincewa da ita, kamar hoton DXA ko shayar da su ruwa mai alama a bi sawunsa cikin jiki, sannan a auna tirjiyarsu, a nemo lissafin da ya haɗa biyun. Ƙa'idar tana aiki sosai a kan mutanen da suka yi kama da waɗanda aka tara. Yawancin ƙa'idojin farko an gina su ne a kan Turawan Amurka da na Turai, na kamfanonin gabashin Asiya kuma a kan mutanensu. Kamfanoni da yawa ba sa ma bayyana lissafin da suka sa a na'urarsu, sirrin kasuwanci ne.

Dalilin da ya sa wannan ya zama matsala yana cikin surar jiki. Wuta tana shan wahala a siririn bututu mai tsawo fiye da gajere mai faɗi. Hannu da ƙafa sirara ne, gangar jiki kuwa faffaɗa ce. Saboda haka gangar jiki, wadda ta kai kusan rabin nauyin mutum, ba ta ba da fiye da kusan kashi ɗaya cikin goma na tirjiyar da ake aunawa, hannu da ƙafa ne ke ba da mafi yawa. Masu nazarin surar jiki sun daɗe da lura cewa a matsakaici mutanen Afirka sun fi Turawa da mutanen gabashin Asiya tsawon hannu da ƙafa idan aka kwatanta da tsayinsu. Dogo siriri irin wanda ake gani a rugagen Roni da Gwiwa zai nuna tirjiya mai yawa saboda tsawon gaɓoɓinsa, ita kuwa na'urar da ba ta san shi ba za ta iya fassara wannan a matsayin ƙarancin ruwa da tsoka, ta ƙara masa kitsen da ba shi da shi.

Sikelin gida da ake takawa da ƙafa biyu ya fi kowanne rauni a nan. Wutar tana hawa ta ƙafa ɗaya, ta ratsa ƙugu, ta sauka ta ɗayar, da ƙyar take leƙa ciki. Wanda ake riƙewa da hannu biyu kuma yana bin hannaye da ƙirji ne kawai. Kitsen da ya fi haɗari ga zuciya da sukari shi ne wanda ke kewaye da hanji da hanta, wato daidai inda wutar ba ta cika bi ba. Lambar da allo ke nunawa da sunan kitsen ciki an ciro ta ne daga shekaru da nauyi da jinsi da tirjiyar gaɓoɓi.

Masana ba su ɓoye wannan ba. Taron da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira a Disambar 1994 ya amince cewa dabarar tana da amfani wajen ƙiyasta ruwan jiki a mutane masu lafiya, amma ya yi gargaɗi cewa sakamakon ya dogara da tsayuwar mutum, da abin da ya ci ko ya sha, da zafin fatarsa, da kuma dacewar ƙa'idar lissafin da al'ummar da ake aunawa. A 1997 Amy Luke da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya kwatanta baƙaƙen fata a Najeriya da Jamaika da Amurka, suka ga cewa ko da ma'aunin nauyi da tsayi ya zo ɗaya, yawan kitse ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma 'yan Najeriya ne suka fi ƙarancinsa. Idan har baƙar fata a Shikago ba ta wakiltar baƙar fata a Najeriya, to ƙa'idar da aka gina a Tokiyo ba za ta wakilci Kanya Babba ba sai an gwada an gani.

Zafin bazara da ƙishirwar azumi

Tunda ruwa na'urar ke bi, duk abin da ya taɓa ruwan jiki ya taɓa sakamakon. Takardun da ke zuwa tare da na'urorin asibiti suna shimfiɗa sharuɗɗa: mutum ya yi awanni bai ci abinci ba, ya yi fitsari, bai yi aikin ƙarfi ba, ɗakin ba zafi ba sanyi, kuma a riƙa maimaita awon a lokaci ɗaya na yini. A auna waɗannan sharuɗɗa da rayuwar Babura a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40. Wanda ya taho a kan babur cikin rana, fatarsa ta yi zafi, jini ya taru a gaɓoɓinsa, tirjiyarsa za ta sauka, kitsensa ya ragu a allo. Wanda ya wuni da azumi, jikinsa ya bushe, sakamakonsa da la'asar zai saɓa da na bayan sahur. Kaushin tafin ƙafa da faso, waɗanda hunturu da aikin gona ke haifarwa, suna hana wutar shiga yadda ya kamata a sikelin da ake takawa.

Mace mai ciki, da mai jinin al'ada, da mai shan maganin hawan jini irin wanda ke sa yawan fitsari, da mai gudawa, da mai kumburi, duk ruwan jikinsu ya kauce wa kashi 73 ɗin da lissafin ya dogara a kai. Haka ma masu shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa ke ɗauke da magunguna irin su dexamethasone: suna tara kitse a fuska da ciki, suna zaizaye tsoka, suna tayar da sukari da hawan jini. Ƙananan yara kuma jikinsu ya fi na manya ruwa, don haka ƙa'idar manya ba ta yi musu. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, kamfanonin da kansu sun hana shi hawa. Idan aka tattara waɗannan rukunoni, za a ga cewa mutanen da suka fi buƙatar a san abin da ke jikinsu su ne na'urar ta fi yin kuskure a kansu.

Igiya mai launi uku

Kanya Babba gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Babura, a kan hanyar da ta taso daga Kunya ta nufi Babura da Babban Mutum. Babbar matsalar jiki a irin wannan yanki ba ta buƙatar lantarki kafin a gan ta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jigawa kuwa adadin ya kai kashi 64. Kowace damina, tsakanin ƙarewar hatsin bara da shigowar sabon gero, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke ƙaruwa, tamowa takan tsananta.

Kayan aikin da ya fi ceton rai a wannan fage wata 'yar igiyar roba ce mai launin ja da rawaya da kore, wadda ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ga yaro mai wata 6 zuwa 59, abin da ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2009. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 tamowa ce matsakaiciya. Ita ma igiyar wani nau'in awon abin da jiki ya ƙunsa ne, domin damtse tsoka ne da kitse a kan ƙashi, kuma bincike ya nuna cewa ƙanƙantarsa tana hasashen haɗarin mutuwar yaro sosai. Ba ta cin batir, ba ta jin zafin rana, ba ta kuma buƙatar wanda ya iya karatu.

An gwada wannan a ƙasar Hausa. A Miriya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta cikin gida BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu, binciken da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna cewa aikin iyayen bai gaza na ma'aikatan lafiya na unguwa ba. Shekaru kaɗan kafin nan, a yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, ta hanyar amfani da abincin gyaɗa na musamman da ake ba uwa ta tafi da shi gida. Abin da ya yi aiki a wuraren biyu shi ne awo mai sauƙi a hannun mutane masu yawa, da magani a kusa.

Akwai kuma tamowa mai kumburi, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a Gana a shekarun 1930 da sunan kwashiyoko. Yaron da ke da ita zai iya yin nauyi a sikeli saboda ruwan da ya taru a jikinsa. Lissafin na'urar lantarki zai ƙirga wannan ruwa a cikin tsoka. Ma'aikaciyar lafiya kuwa babban yatsa kawai take sawa: ta danna bayan ƙafafun yaron biyu na daƙiƙa uku, idan rami ya zauna to yaron yana cikin haɗari, ko me igiya ko sikeli suka ce.

Ga manya: ƙugu da tsayi

Ba yunwa kaɗai ke damun yankin ba. Binciken na 2018 ya nuna cewa kashi 12 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ramammu ne, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima. A gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, ana samun yaro mai tamowa da uba mai ciwon sukari. Malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomi da 'yan kasuwar da suka bar gona suka koma kan kujera da babur, ga shinkafa da lemon kwalba da shayi mai kauri, su ne sabbin masu tumbi, kuma har yanzu akwai masu ɗaukar tumbi alamar hutu. Su ne kasuwar da na'urar ke nema.

Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi a nan. Tsohon ma'aunin BMI, wato raba nauyi da tsayin da aka ninka da kansa, ba ya bambance tsoka da kitse. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a, Ancel Keys ya raɗa masa sunansa na yanzu a 1972. A 2004 mujallar Lancet ta buga hoton wasu likitoci biyu, Yajnik ɗan Indiya da Yudkin ɗan Ingila, kowannensu BMI ɗinsa 22.3, amma kitsen na farko kashi 21.2 ne, na biyun kashi 9.1. Gaskiya ne cewa nauyi da tsayi kaɗai ba su isa ba.

Sai dai maganin wannan gurguntaka yana cikin akwatin kowane tela. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawara a 2022 cewa babba ya riƙe kewayen ƙugunsa ƙasa da rabin tsayinsa. Mai tsayin santimita 170, ƙugunsa kada ya kai 85. Ana aunawa a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan an saki numfashi, ba tare da tsuke ciki ba. Ko tef babu, zare ya isa: a auna tsayi da shi, a ninka shi biyu, a ga ko zai zagaye ciki. Kwamitin masana da Lancet ta kafa kan ƙiba, wanda ya fitar da rahotonsa a Janairun 2025, shi ma ya nemi a riƙa haɗa BMI da awon ƙugu ko makamancinsa. Tef yana auna wurin da haɗarin yake kai tsaye, wurin da wutar sikelin gida ke tsallakewa.

Ga tsofaffi kuma, abin tsoro shi ne zaizayewar tsoka. Masanan Turai da suka sabunta ƙa'idar gano wannan lalura a 2019 sun sa ƙarfi a gaban girman tsoka, kuma cikin gwaje-gwajen da suka amince da su akwai tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafa hannu ba: wanda ya wuce daƙiƙa 15 yana buƙatar a duba shi. Kujera da agogon waya ne kayan aikin.

Inda na'urar ta cancanta

Duk wannan bai sa dabarar ta zama banza ba. A ɗakin wankin ƙoda, babbar tambaya a kowane zama ita ce lita nawa za a cire daga jikin majinyaci. Idan aka cire da yawa jininsa ya faɗi, idan aka rage zuciyarsa ta wahala. Nau'in na'urar da ke tura wuta a matakai masu yawa yana iya bambance ruwan da ke cikin ƙwayoyin jiki da wanda ke wajensu, kuma ana amfani da shi a cibiyoyin wankin ƙoda a ƙasashe da dama. A nan na'urar tana yin aikinta na asali, wato bin sawun ruwa. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda ake wankin ƙoda har da dashenta, su ne muhallin irin wannan kayan aiki.

Akwai kuma hanyar karanta tirjiyar ɗanyarta ba tare da an bi ta cikin ƙa'idar kowace ƙasa ba. Antonio Piccoli na Italiya ya gabatar da irin wannan karatu a 1994. Daga ɗanyen awon ake fitar da wata lamba da ke nuna lafiyar bangon ƙwayoyin jiki, wadda kan yi ƙasa a jikin da ciwo ya ci. A farkon shekarun 2000, Dorothy VanderJagt da Robert Glew na Jami'ar New Mexico tare da likitocin Jos sun auna yara masu sikila da wannan dabara, suka ga lambar tasu ta gaza ta takwarorinsu masu lafiya. Wannan bincike ne na gaske da aka yi a arewacin Najeriya, kuma ya nuna yadda ya dace a yi amfani da na'urar: a hannun masu bincike, da rukunin kwatance, da tambaya takamaimai.

Ko wanda ya riga ya sayi sikelin gida zai iya cin moriyarsa idan ya rage buri. Ya riƙa hawa da safe bayan fitsari, kafin karin kumallo, a kan sikeli ɗaya, ya duba inda lambar ta dosa cikin wata uku. Lambar rana ɗaya ba ta da nauyin da za a yanke hukunci a kanta, kuma kwatanta sakamakon na'urori biyu daban ɓata lokaci ne. Wasu za su ce ko da lambar ba daidai ba ce, tana zaburar da mutum ya motsa jiki. Hakan na faruwa. Amma lambar da ta tsorata siririyar budurwa ta daina cin abinci, ko ta kwantar wa mai tumbi hankali saboda ƙafafunsa na da tsoka, ita ma zaburarwa ce, ta ɓangaren da ba a so.

Haɗari mafi kusa shi ne na talla. Gwaji kyauta a bakin kasuwa ko a harabar ofis, allo ya nuna jan launi, sai a ciro kwalbar ƙarin abinci mai tsada daga jaka. Wanda ke aunawa shi ne wanda ke sayarwa, ribarsa kuma tana cikin mummunan sakamako. Na'urar ba ta gano ciwon sukari, ba ta gano ciwon hanta ko na ƙoda, ba ta san shekarun jikin kowa ba. Kuɗin da magidanci zai zuba a kwalbar ya isa a gwada masa sukari da hawan jini sau da yawa a asibiti.

Abin da ya kamata a yi

Ga masu tsara kasafin lafiya a Dutse da shugabannin sassan lafiya na Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, jerin fifiko a bayyane yake. Kowane ƙaramin asibiti ya samu sikelin jarirai da na manya masu aiki, da allon auna tsayi, da igiyar damtse mai yawan da za a raba wa iyaye mata, da tef, da na'urar auna hawan jini, da ta sukari tare da tsinkayenta, da abincin tamowa wanda ba ya yankewa a tsakiyar damina. Duk ɗan kwangila ko mai ba da tallafi da ya zo da na'urar auna kitse kafin waɗannan su cika, a tambaye shi wace shawarar magani ce za ta canza saboda lambar da za ta bayar, kuma a kan waɗanne mutane aka gwada lissafinta.

Ga jami'o'i, akwai aiki a ƙasa. Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna da sassan koyar da aikin likita. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta daɗe tana tallafa wa ƙasashen Afirka da dabarar ruwa mai alama, wadda ake aunawa daga yawu. Da ita za a iya tara manoma da makiyaya da ma'aikata, maza da mata, a gina ƙa'idar lissafi ta mutanen wannan yanki, a wallafa ta a fili yadda kowa zai iya dubawa. Hukumar NAFDAC, wadda rajistar kayan aikin asibiti da ƙarin abinci ke hannunta, ita ma tana da hurumin hana a yi amfani da irin wannan awo a matsayin gano cuta don sayar da kaya.

Ga ma'aikacin da ke karanta wannan a Kazaure ko Kano ko Abuja, wanda 'yan uwa a gida ke tambayarsa shawara kan duk sabon abu, abin da zai faɗa musu gajere ne. Yaro a auna masa damtse kowane wata, musamman daga Yuni zuwa Oktoba. Babba ya auna ƙugunsa da tsayinsa, ya kuma je a duba masa jini da sukari ko da yana jin garau. Idan an ɗora mutum a kan faranti masu ƙyalli aka ce kitsensa kashi kaza ne, ya tambayi mai na'urar abin da yake sayarwa kafin ya buɗe aljihu.